Zariyar da Na Ba Shi

Shekarar da za mu yi jarrabawar shiga makarantar Midil ta Zariya, malaminmu a Birnin Gwari ya ishe mu da tambayoyin auna hankali: rimi ya fi kuka tsawo, kuka ta fi ɗorawa, wanne ne gajerensu? Ni da abokina muka mayar da su kacici-kacici a hanyar daji. Wanda ya kasa sai ya ba da gari a faɗa masa amsa. Na ba shi Kano da Katsina, har Zariya ja'irin ya karɓe.

Ran jarrabawa na kakare, Baturen da ya zo jarraba mu kuwa ba ya karɓar gari. Abokina ya ci, ya tafi Zariyar da na ba shi, bai kuma dawo ba.