Gonar da ta koyi idon Tabawa

Lokacin da Baba ya ɗauko Kaka daga Uke ta dawo gidanmu na Gudu, ina aji huɗu a firamare. Ba ta taɓa yarda da gas ba. Da an yi sallar isha sai ta hura gawayi a kurfoti a bayan kicin, ta daddatsa ɗanyar citta a tukunyar shayi, mu kewaye ta ni da ƙanena Sadiku. Ni ba na magana, kallo nake yi. Na lura ba ta jefa citta a ruwa sai ta karya ta, ta shinshina tsakiyar.

"Takwara, wannan ido naki zai huda mini tukunya," in ji ta. "Kai kuma angona, rufe baki kada sauro ya tare a ciki. Ku matso, ga wata tatsuniya ta taso daga gona."

Muka ce ta ƙaraso mu ji ta.

A wani gari, in ji Kaka, kowa citta yake nomawa. Ita kuwa citta a ƙarƙashin ƙasa take, ba ka sanin lafiyarta sai ka tona. Idan ruɓa ta shige ta aka gano da wuri, sai a haƙe a tsira da irin da za a shuka baɗi. Idan aka makara, har irin ya tafi. Saboda haka kafin kaka sukan zaɓi mace guda ta dubo gonaki. Ba ta tona inda ranta yake so. Takan juya baya, ta rufe ido, ta wurga ƙotar fartanya ta kan kafaɗa. Inda ƙotar ta faɗi, nan za ta tona, ko cikin ƙaya ne. Ta yi haka nan, ta yi can, sannan ta dawo ta faɗa wa gari: a haƙe ko a jira.

Shekarar da aka zaɓi Tabawa, da goyo ta fita. Jifan farko ƙotar ta faɗa gindin suri, cikin sarƙaƙiya. Tabawa ta dubi wurin, ta dubi ƙafarta. Ta ce hannunta ne ya suɓuce. Ta ɗauko ƙotar da sanda, ta sake juya baya, amma wannan karon ta ɗan leƙa ta ƙarƙashin hammata, ta auna inda ganye ya fi kore. Ta tona, sai ga citta ɓul-ɓul, ƙamshi har ƙwalla.

"Sau ɗaya fa ta leƙa?" in ji Sadiku.

"Sau ɗaya. Ita gona sau nawa take buƙata?"

Daga ranar gonar ta koyi idonta. Duk inda Tabawa ta kalla kore ne shar. Bayanta kuwa ganye yana komawa rawaya yana kwanciya, ba ko motsi. In ta waiga, wurin ya miƙe ya yi kore kafin idonta ya sauka. Jaririn da ke bayanta shi ne kawai yake ganin abin da ke gefe da baya. Da sun shiga gona sai ya sandare yana ihu, da sun fito ya yi shiru. Ta ce haƙori ne.

A nan Kaka takan juya gawayin da cokali. Ni kuma sai in ji bayana ya yi sanyi, ga katanga kusa da ni amma na kasa waiwayawa.

Tabawa ta gaya wa gari a jira, citta lafiya lau. Aka jira. Ranar haƙa, fartanya ta farko ta nutse kamar a kunu. Wari ya tashi har kaji suka bar gari. Ba a sami ko ƙwaya ɗaya ta iri ba. Mutane suka taru a kanta, ita kuma tana nuna musu ƙasa tana cewa, "Ba ku gani ba? Ga ta nan, kore!" Inda take nunawa kuwa, kore ne. Ta bi koren nan tana tafiya, yana gabanta, har ta shige daji.

"Har yau tana yawo," in ji Kaka, tana zuba mana shayi. "In kun ga gona ta mutu duka, sai wuri ɗaya kore a tsakiya, kada ku je. Tana tsaye a wurin, tana kallonsa. Tatsuniya ta koma inda ta fito. Ku sha kafin ya huce."

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare. Bana, a darasin noma, Malam ya kai mu gonar barkono ta makaranta don mu koyi ƙiyasta amfani da asara. Ya ba kowane rukuni katako mai kusurwa huɗu, tsakiyarsa a buɗe kamar taga, ya ce a juya baya a jefa, a ƙirga shuke-shuke masu rai da matattu a cikinsa, daga nan a lissafa na gonar duka. Namu ya faɗa bakin kwata, cikin laka da tururuwa.

"Sake jefawa mana," in ji Zainab, ƙawata. "Malam ba ya kallo."

Na cire takalmi na shiga. Yawancinsu sun mutu, saiwar ta yi baƙi. Lissafinmu ya fi na kowa muni, 'yan aji suka yi ta mana dariya.

Da ina ƙarama, Tabawar da ke tsaye a gona nake tsoro. Yanzu abin da ke damuna daban ne. Matar nan ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Duk abin da ta faɗa wa gari, da idonta ta gan shi.