Gwaggo da Ɗakin Neman Fayil

A kamfanin jigilar kayan nan babu wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiranta Gwaggo. Masinja ya ce Gwaggo, akanta ya ce Gwaggo, har Manaja, mutumin da ba ya riƙe sunan kowa, idan yana so a buga masa takarda sai ya leƙo ya ce, "Ina Gwaggo?" Ita ce mai buga takardun ofishin. Ta zo tana budurwa, zamanin tafireta mai ƙararrawa a ƙarshen layi. Ta yi aure tana kan kujerar, ta haihu, ta yaye, ta aurar, duk tana kan kujerar. An canza manajoji, an canza labule, an sake fentin bango ba sau ɗaya ba, ita tana nan a kusurwarta ta kusa da taga, da ɗan matashin da ta ɗinka wa bayanta da fulas ɗin shayinta a ƙarƙashin tebur.

Da aka kawo kwamfuta, mutane sun ɗauka tata ta ƙare. Ta bar su da zatonsu, ta koya a ɓoye, kafin su farga ta fi su sauri. Abin taƙamarta a duniya biyu ne, yatsu da idanu. Sa'o'inta duk sun rataya tabarau a wuya, ita kuwa ƙananan rubutun jikin kwalbar magani take karanta wa mijinta daga inda take zaune.

Abin tsoronta kuwa ɗaya ne tak, kuma ba ita kaɗai ba. A wannan kamfani ba a korar mutum, Allah ya kiyaye, ai gidan mutunci ne. Ana dai lura cewa mutum ya gaji. Duk ranar da Manaja ya dube ka da tausayi ya ce, "Ka yi wa kamfani ƙoƙari, ya kamata ka huta," to ka fara kwashe tarkacenka. Tsohon direba ya taɓa yin suɓul da baka ya ce gwiwarsa tana damunsa, yanzu haka yana gida yana hutawa. Tun daga nan cuta ta yi ƙaura daga ofishin. Mutum zai zo yana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, ka ce masa sannu, ya harare ka ya ce sannun me.

Ana nan sai Manaja ya je taro hedkwata ya dawo da abin da ya kira Sabon Tsari. Za a sabunta manhajar duk kwamfutocin ofis. Ya tara ma'aikata ya yi jawabi mai tsawo, wanda taƙaitawarsa ita ce shi ya kawo, shi ya nace, kuma manya sun yaba masa. Injiniyan kamfanin, wani matashi da ba ya rabuwa da abin jin kiɗa a kunne, ya yi aikin a ƙarshen mako.

Gwaggo ta zo da safe ta kunna injinta kamar kullum, sai haske ya mare ta. Fuskar kwamfutar ta koma fari fat, kamar farantin tangaran da aka shanya a rana. Haruffan da ta sani baƙaƙe masu kauri sun rame, sun zama toka-toka. Ta danna abu, maimakon ya buɗe kawai, sai ya kumbura, ya zame, ya yi ɗan lilo, sannan ya tsaya. Ta ce a ranta ado ne na yara, za a saba.

Kafin tsakar rana ta ji kamar an zuba mata yashi a ido. Layuka suka fara hawa kan juna. Can wajen tashi daga aiki wani abu ya kama bugawa a bayan idonta na hagu, ɓarin kai guda ya ɗauki ciwo, zuciyarta tana tashi. Ta isa gida da ƙyar, tun daga ƙofa ta ce a kashe fitila.

Mijinta, tela ne da ya ajiye keke, ya zauna a bakin gado yana matse mata tsumma mai sanyi a goshi. Da abin ya zama na kullum ya gaji da shiru.

"Ke wai ba za ki faɗa musu ba?"

"In faɗa musu me, Malam? In je da ƙafata in ce na tsufa?"

"Ai ba ke ba ce, injin ne. Da can ba ki yi wannan ciwon ba."

"To je ka gaya wa Manaja cewa abin da ya kawo yana makanta mutane. Rage murya don Allah, kana sara mini kai."

Duk da haka ta gwada ta bayan gida. Ta sami Injiniya ta ce tana da wata ƙawa, a wani ofis can daban, da sabon tsarin yake sa wa ciwon kai, ko akwai yadda za a rage hasken ko a mayar da tsohon. Ya zare abin kunnensa guda ɗaya, wanda a wurinsa babbar girmamawa ce.

"Gwaggo, ba a komawa baya. Kuma daga hedkwata aka kulle komai, ni kaina ba ni da ikon taɓawa. Injin lafiyarsa ƙalau, masana ne suka yi shi. Ki ce wa ƙawar taki ta ga likita."

Ƙawar ta je ta ga likita. Ya haska, ya auna, ya sa ta karanta har layin ƙarshe na allon bango, ya ce idonta ya fi nasa lafiya, matsalar daga injin take, ta rage kallonsa. Ta tambaye shi yadda mai buga takarda za ta rage kallon abin da take bugawa, ya ce wannan kuma ba fanninsa ba ne. Haka ciwon ya zama maraya. Mai inji ya ce na jiki ne, mai jiki ya ce na inji ne, ita kuma da take ɗauke da shi ba ta da bakin cewa nata ne.

Manaja kuwa ko gezau. Ba don ƙarfin ido ba, shi dai ba ya kallon kwamfuta. Tasa tana nan a kan tebur an lulluɓe ta da kyakkyawan mayafi don ƙura. Duk saƙon da ya shigo Gwaggo ce take fitar masa da shi a takarda, ya rubuta amsa da biro, ta koma ta buga. A ganinsa Sabon Tsari bai da wata illa, kuma gaskiyarsa, bai taɓa yi masa komai ba.

A ƙarshen baranda akwai sito, ɗaki marar taga inda ake jibge tsofaffin fayiloli, ƙwan fitilarsa ya daɗe da mutuwa. Wata rana da ciwon ya kai mata iya wuya, Gwaggo ta miƙe ta ce, "Bari in je neman fayil." Ta shiga ta ja ƙofa, ta zauna a kan kwali, ta ɗora jiƙaƙƙen hankici a ido. Duhun nan ya yi mata daɗin da ba ta san duhu yana da shi ba. Daga ranar kullum sai fayil ya ɓata.

Rannan ta shiga tana lalube, ta zauna a kan kwalinta, kwalin ya ce, "Wash!"

"Wane ne nan?"

"Ni ne, Gwaggo." Muryar Akanta ce, maƙwabcin teburinta, wanda kwanan nan ya fara sa baƙin tabarau a cikin ofis yana cewa yayi ne. "Fayil nake nema."

"A cikin duhu?"

"Ai ke ma ban ga kin riƙo tocila ba."

Sai aka yi tari daga bayanta. Yarinyar da take karɓar baƙi ce, ita ma fayil take nema. Gwaggo ta ce duk wanda yake ciki ya yi magana kafin ta taka shi. Sai daga can lungu wata murya ta ce, "Sannu, Gwaggo."

"Injiniya? Kai ma ƙawarka ce ba ta da lafiya?"

Dariya ta kuɓuce musu, kowa yana yi yana dafe kai. A cikin duhun nan, inda ba a ganin fuskar juna, bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce shi har amai yake yi, waccan ta ce ita walƙiya take gani mai lanƙwasa kafin ciwon ya sauko, Injiniya ya ce shi da ya saka abin da hannunsa ba ya iya kallon wayarsa ma idan ya koma gida. Ashe ofishin gaba ɗaya a kan maganin ciwon kai yake tafiya. Da aka fito kuwa kowa ya gyara fuska, ya riƙo fayil ɗin da hannunsa ya faɗa a kai, ya koma teburinsa lafiya lau. Manaja har yabawa ya yi, ya ce bai taɓa ganin ma'aikata masu kishin tsofaffin takardu irin nasa ba.

A siton aka yanke shawara. Akanta ne ya kawo ta.

"Gwaggo, ke ce babba. Ke kika riga shi kansa Manajan zuwa. Wa ya isa ya taɓa ki? Ki fara kawai a taron wata, kina rufe baki mu miƙe gaba ɗaya."

"Rantsuwa muka yi, Gwaggo," in ji mai karɓar baƙi. "Ƙafarki ƙafarmu."

Ta san abin da take sakawa a kasada, ba yarinya ba ce. Amma yaran nan sun ba ta tausayi, wasunsu sa'o'in 'ya'yanta ne, kuma a gaskiya ta ji daɗin a ce ita ce ba a isa a taɓa ba. Ta amsa.

Taron wata yana da ƙa'ida. Manaja zai yi magana har ya gaji, sannan ya ce, "Akwai mai magana?" yana tattara takardunsa, don tambayar ba ta amsawa ba ce. Ranar nan kafin ya miƙe Gwaggo ta riga shi.

"Ranka ya daɗe, ina da ita. Sabon tsarin nan yana cin idanu. Tun da aka saka shi kaina yake ciwo, ɓari guda, har ba na iya buɗe ido a gida. Na je asibiti an ce ba ni ba ce. Kuma ba ni kaɗai ba ce a ɗakin nan. A taimaka a gaya wa hedkwata su rage hasken, ko su bar mu mu rage da kanmu."

Ta zauna. Ba ta ji motsin kujera ko ɗaya ba.

"Ikon Allah," in ji Manaja. Ya bi ɗakin da kallo a hankali. "Akwai wanda kuma yake jin haka?"

Akanta ya gano wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa. Mai karɓar baƙi ta ce ita kam tun da aka saka sabon tsarin ta fi jin daɗin aiki. Manaja ya juya ga Injiniya, Injiniya ya ce a hukumance dai babu ƙorafin da ya iso teburinsa. Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, idanunsu jajir, wani na ƙifta hawaye, wani na danne gefen kai da yatsa a fakaice, duk masu lafiya.

Manaja bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da sauƙi. Ya dube ta da tausayi, ya kwantar da murya.

"Gwaggo, jiki ne. Shekaru ba wasa ba. Kin yi wa kamfanin nan ƙoƙari."

An yi mata walimar ban kwana ta gani ta faɗa. An kawo lemo da biskit, an jera kujeru, kuma Manaja ya sa Injiniya ya haɗa tsofaffin hotunanta a nuna su a babban allon ɗakin taro, don a ga abin da Sabon Tsari zai iya. Hotunan suna kumbura, suna zamewa, suna lilo a kan farin haske, jama'a kuma ba damar kau da kai tunda Manaja yana tsaye. Kafin a kai rabi hawaye ya wanke kowace fuska.

"Dubi, Gwaggo," in ji Manaja, shi ma muryarsa ta raunana. "Dubi yadda suke kukan rabuwa da ke. Wannan ita ce ƙauna."

Ta ce ta gani, ta gode.

Akanta ne ya ɗaukar mata matashi da fulas har bakin ƙofar fita. Ya tsaya yana jujjuya su a hannu.

"Gwaggo, ki yafe mana. Yara ne da ni ƙanana."

Ta tanadi maganganu tun ranar taron, masu zafi, an jera su tsaf. Ta dubi idanunsa da suka kumbura, sai ta rasa inda za ta soka ko ɗaya. Ta karɓi kayanta ta ce ya koma ciki, hasken rana zai ƙara masa.

Ba a daɗe ba ciwon ya tafi kamar an zare shi. Wata safiya ta farka da wuri yadda ta saba, ta yi wanka, ta shirya, ta cika fulas, sannan ta tuna. Ta zauna a falo da mayafi a kafaɗa. Idonta garau, tana hango har zanen da yake jikin labulen maƙwabta, yatsunta suna ɗan motsi a kan cinya.

Malam ya fito ya same ta a haka.

"Ya kan naki?"

"Ya daina."

"To, alhamdulillahi. Ba ga shi ba, kin samu lafiya."

Ta ce haka ne. Ta juya wajen taga don kada ya gani, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar walima, kuma babu wani inji a ɗakin da za ta ɗora wa laifi.