Yatsun Inna

Mai lalle ce ta fara lura, a bikin 'yar ƙanwata. Ta riƙe hannun Inna tana juya shi, ta ce, "Inna, yaushe faratanki suka koma haka?" Na leƙa. Kawunan yatsun goma duk sun dunƙule kamar kan taɓarya, faratan sun lanƙwasa sun yi tudu kamar bayan ludayi, suna sheƙi. Inna ta janye hannunta ta ce hannun mai aiki ne.

Tun ina goye take turara shinkafa a Kura. Ta sayo daga gonakin bakin kanal na ruwan noman rani, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta shanya, a kai inji, ta dawo ta shiƙe. Hayaƙi da ƙaiƙayi kuwa a cikinsu muka girma. Tana da tari, amma wace mai turara ce ba ta tari? Ba mu taɓa sa shi a sahun ciwo ba.

Kowa ya kawo tasa. Gwaggo ta ce sanyi ne, saboda ruwan jiƙo. Maƙwabciyarmu ta ce karkare ne yake shirin fitowa, na ce karkare a yatsa goma, kuma babu zogi? Wani ya ce gado ne. Na bi hannun kawunnaina da kallo har ɗaya ya tambaye ni ko lafiya. Muka shafa man kaɗanya wata guda, babu abin da ya canja.

Da rani ya yi nisa, na zo daga Bunkure na same ta zaune a bakin murhu tana haki, ludayin duma a cinyarta. Ba hakin ne ya sa na matsa mata ba, yatsun ne. Muka hau adaidaita zuwa asibiti.

Likitan ya ce ta haɗa bayan farcen manuninta na dama da na hagu. Ya yi da nasa ya nuna mana wata 'yar kafa da haske ke ratsawa a tsakani. A nata babu kafar. Sai ya saki hannun gaba ɗaya.

"Mama, tun yaushe kike tari?"

"Ɗan nan, hannu na kawo maka."

"Na gani. Akwai kaki? Kina ramewa?"

Inna ta dube ni. "Ke, ko bai ji ba ne?"

Ni ma na zaci bai fahimta ba. Na sake yi masa bayani a hankali, har da man kaɗanyar. Ya saurare ni tsaf, sannan ya rubuta hoton ƙirji da gwajin kaki, ya tura mu Kano.

Sau uku muna zuwa. Aka ce ba tarin fuka ba ne, na yi hamdala, na ɗauka an gama. Aka kuma ce huhun ya daɗe da taɓuwa, mai yiwuwa ƙura da hayaƙin shekaru ne, mai yiwuwa kuma wani abin daban. Na tambayi likitan can me ya haɗa huhu da farce. Ya ce alama ce da suka sani sarai, amma yadda take faruwa, su ma ba su gama gano shi ba. Na fito riƙe da ledar magani, babu ko ƙwaya ɗaya ta hannu a ciki.

A mota Inna ta ce, "To yanzu wanne ne ciwon?" Na ce ƙirjin. Ta ce, "Amma shi ban gan shi ba."

Ta bar bakin murhu, ba da son ranta ba, matar yayana ta karɓi gangar. Hakin ya ragu, tarin yana zuwa yana tafiya. Shekara huɗu ke nan tana zaune a inuwar darbejiya tana tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma duk wanda ya zo duba ta, ce masa take yi an kai ta asibiti an yi mata maganin abin da ba ta je dominsa ba.