Ɗanmusa Wanzami da Babur Mai Yoyo

Yayana Ɗanmusa wanzami ne kamar ubanmu, kuma da wuya ka samu wanda anka haifa tsakanin Isa da Kamarawa da askarshi ba ta taɓa kanshi ba ranar suna. Tun ina amarya yake hawan jan babur ɗin nan. Fenti ya koɗe, sirdi ya sha faci da fatar akuya, amma in mata sunka ji ƙararshi daga bakin gari sai su ɗora ruwan zafi.

Da hanya ta ɓaci, mutane sunka rage shiga daji, sai ya kawo babur ɗin zaurena ya jingine, don tun rasuwar maigidana ba mai zama wurin. Ina kallo ya yanka kara, ya naɗe da tsumma, ya bi kowace kafa ta babur ɗin ya toshe, kar zanzaro ya gina ɗaki ciki. Haka ya zauna har ƙura ta rufe shi.

Bana sai abokinshi Wakili ya aiko daga Kamarawa cewa jikarshi na da tsohon ciki, kuma ba wanzamin da za shi taɓa kan jinjirin in ba Ɗanmusa ba. Washegari Yaya ya zo da zabira da sufana. Ya zare tsummokaran, ya taka kik, inji ya ƙi motsi, ya ƙafe. Bai kira makanike ba. Ya kwance shi kan tabarma ƙarfe-ƙarfe, ya sawo fistin da ringi Sabon Birni, gasket ɗin da ke liƙe tsakanin ƙarafan inji kuwa bai samu ba, ya yanka na kwali da askarshi. Ranar da injin ya tashi har maƙwabta sunka leƙo.

Sai dai kafin hayaƙi ya baje, baƙin mai ya fara ɗiga ƙasa.

Ya ƙara ɗaure noti, yoyo ya tsaya nan ya ɓullo wajen kik. Ya sake robar wurin, yoyo ya koma gefen giyar babur. Ya shafa gam, mai ya fito ta murfin sama. Duk inda ya rufe sai mai ya nemi wata hanya, har ƙasar zaurena ta yi baƙi.

Shamsu, babban ɗanshi mai shago kasuwar Isa, ya zo ya tarar da shi tsugune, mai har gwiwar hannu.

"Baba, dubi tayar baya, duk mai ne. Ka hau wanga abu cikin yashi ya kada ka, wa za shi ɗauko ka?"

"Wanda ya saba ɗauko ni," in ji Yaya. "Kai lokacin kana goye."

"Gwaggo, ki yi mishi magana."

Na ce ni ba ruwana da ƙarfe.

Shamsu ya ce to, in ranar suna ta zo babur na yoyo, 'yan gwangwan za shi kira su auna shi, Baba kuma ya huta gida. Yaya bai ɗago kai ba ya ce ya yarda. Bayan yaron ya fita ne ya ce mini, "Inno, ƙauyukan da nike zuwa mota ba ta shiga. In anka auna babur ɗin nan, a haɗa da zabirata."

Cikin haka haihuwa ta zo, namiji. Kwanakin suna sunka fara tafiya.

Ya roƙe ni toka da rariya. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, na tankaɗa mishi toka har ya yi fari kamar anka fito da shi daga murhu. Ya ce inda toka ta fara jiƙewa nan ɓarnar take. Ya tada shi, munka zuba ido. Toka ta jiƙe ta dama, ta hagu, da sama, kusan tare. Ya kashe, ya zauna yana duban tokar. Ban taɓa ganin ya rasa abin yi haka ba, ko ranar da munka rasa uwarmu sai da ya yi ta ba mutane umarni.

Ana gobe suna, da hantsi, wani maƙwabci ya zo a yi mishi ƙaho don ciwon baya. Nan zaure anka yi, ina daga ƙofar ciki ina tsince wake. Yaya ya kafa ƙahon, ya tsotse, ya liƙe 'yar kafar sama da danƙo. Da lokaci ya yi ya ɓare danƙon, iska ta yi fus, ƙaho ya saki. Sai ya tsaya riƙe da shi yana duban babur.

"Ba ɗaurina ne bai yi ba," ya ce. "Wani abu ne ke matso man daga ciki. Injin ga bai numfashi."

Ya bar mutum kwance, ya kwanta ƙasa ya laluba bayan inji, ya jawo wani siririn tiyo da ke saukowa kusa da taya. Nan ne iskar cikin inji ke fita. Bakinshi toshe da kara da tsumma, sun yi baƙi sun saje da roba. Shi ya toshe da hannunshi, ya zare na salansa da sauran, ya manta wannan.

"Malam Ɗanmusa, ni fa?" in ji maƙwabcin.

"Kwanta, jinin naka ba gudu za shi yi ba."

Munka sake wanki, munka sake toka. Ya bar injin yana aiki har anka kira azahar. Toka ta zauna fari, in ban da ɗigo guda ƙarƙashin notin da ake juye mai.

Ranar suna da sassafe Shamsu ya iso, mai gwangwan na bin shi da baro. Ya durƙusa ya shafa taya, ta bushe. Ya duba ƙasa ya nuna ɗigon.

"Ga shi, Baba, har yanzu shina yi."

"Wannan na tsufa ne. Ni ma idona na yi da safe, ba ka kira an auna ni ba."

Mai gwangwan ya yi dariya ya juya baronshi. Shamsu ya tsaya yana goge yatsa jikin bango, can ya ce aƙalla a kira shi in an isa.

Yaya ya rataya zabira, ya yi bisimilla, ya taka sau ɗaya, inji ya tashi. Na ce Allah shi kiyaye hanya. Ya ce in bar baƙar ƙasar zauren kar in share, in ya dawo nan za shi aje babur ɗin.