Doyar Mama Ladi Ta Ga Birni

Har yau ina tuna ranar da editanmu, Oga Bulus, ya kira ni a kan rahoton da na fi shan wahalarsa. Lokacin ina ƙaramar wakiliya a wata jaridar intanet da ke unguwar Tunga, mu biyar a ɗaki guda. Kwana uku na yi ina rubutu kan yadda tsadar sufuri ke cin manoma. Muka saka a shafi, shiru.

A aikinmu akwai allon da ke nuna yawan masu buɗe kowane labari. Wanda aka fi buɗewa shi ke hawa sama, wanda aka ƙyale kuwa a sauke shi. Ranar nan cacar bakin wasu 'yan siyasa ce a sama.

"Hadiza, rubutu ya yi kyau, amma babu mutum a ciki," in ji Oga. "Zan sauke shi."

Na roƙe shi kwana ɗaya.

Da sassafe na hau keke napep zuwa ƙauyen Garatu. Na tarar da wata manomiya, Mama Ladi, zaune gaban tulin doya da ta fara lalacewa. 'Yan sari sun daina shigowa saboda kuɗin mai. Ina kunna kyamarar waya ta rungumi wata ƙatuwar doya kamar jariri, ta ce, "'Yata, gaya wa mutanen waya, wannan ta gaji da zaman gida, tana so ta ga birni!"

Dariya ta kusa sa in yar da wayar. Haka muka saka bidiyon, rahoton yana ƙasansa.

Kafin la'asar sharhi ya cika shafin. Masu tuyar doya a unguwar Sauka Kahuta suna rubuta yadda suke saye da tsada a gari. Wani direba ya ce in za a haɗa kuɗin mai, motarsa tana nan. Wata malamar makaranta ta haɗa maƙwabtanta don su sayi doyar. Ran Asabar motoci biyu suka shiga Garatu, kuma mako guda gidajen rediyo suna maganar sufuri.

Ran Litinin sai ga Mama Ladi a ofis, da doya a kafaɗa. Oga Bulus da kansa ya fita neman manja da yaji.

Tun daga nan na daina cewa mutanenmu ba sa son labarin tattalin arziki. Fuskar wanda abin ya shafa suke jira su gani. Da zarar sun gani, rabin aikin jaridar su za su yi maka.