Azumi Ta Karɓi Sitiyari

A unguwar Madain Fahd ta Jidda idan aka ce Azumi, ba a tambayar wacce. Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, ya sauke farali, ya waiwaya ya ga tsawon hanyar komawa, sai ya yanke shawarar cewa Jidda ma gari ce. A nan aka haifi ubanta, a nan aka haife ta. Ba ta taɓa taka Haɗeja ba, ciniki da Larabci take yi, gaisuwa ma rabi da rabi, amma zagi sai da Hausa, don a cewarta zagin Larabci ba gishiri.

Sana'arta kiɗan bikin mata. Tun tana budurwa take riƙe da bandiri, da murya mai tsallake katanga. Takan ce rabin matan kudancin Jidda ita ta raka su ɗakin miji, waɗanda suka dawo kuwa ba da bandirinta suka dawo ba.

Mijinta Ɗayyabu direban bas ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar alhazai da masu umara tsakanin Jidda da Makka da Madina har ya yi ritaya. Abin alfaharinsa biyu ne: bai taɓa goge motar kowa ba, bai kuma taɓa tsayawa tambayar hanya ba. Shekarar da aka ba mata izinin tuƙi, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan magariba ya shaida wa duk mai kunne cewa matar gidansa ba za ta riƙe sitiyari ba muddin yana numfashi. Da maganar ta iso gida, Azumi ta ce ya kwantar da hankalinsa, muciya ma ta gaji da juyawa.

Ciwon bai zo da sallama ba. Da farko tambaya ce yake maimaitawa. Sai ya fara sallar la'asar sau biyu, Azumi ta ce a ƙyale shi, bashin samartaka yake biya. Ranar da dariya ta tsaya mata ita ce ranar da ya tafi kasuwar kifi da motarsa, ya dawo a tasi rungume da ledar kifi, ya zauna ya ci ya ƙoshi, sannan ya leƙa waje ya ce an sace mota. Ɗansu Mazen, wanda yake aiki a Yanbu, ya zo a ƙarshen mako ya sami motar a inda uban ya ajiye ta, tsuntsayen teku sun gama yi mata ado.

Aka yi ta zaryar asibiti, gwajin jini, hoton ƙwaƙwalwa, tambayoyin da Ɗayyabu ya ce ko ɗan firamare ba a yi wa. A ƙarshe likita ya zaunar da su ya ce ciwon mantuwa ne, amma yana farkonsa. Akwai sabon magani da ake sa wa ta jijiya, ƙarin ruwa duk bayan mako biyu. Ba ya warkarwa, tafiyar ciwon kawai yake rage wa sauri, kuma dole a riƙa ɗaukar hoto don yakan sa kumburi a kai. Ɗayyabu ya saurari wannan duka yana gyaɗa kai yana hamdala kamar labarin wani ake ba shi. Sai likita ya ƙara da cewa tuƙi kuma halas, ya ƙare. A nan tsoho ya miƙe tsaye, ya tambayi likitan ko an haife shi lokacin da shi yake sauko da bas cike da 'yan Indonesiya daga dutsen Ɗa'ifa ba birki. Azumi ta ja masa riga ta zaunar da shi. Ta san labarin, kuma ta san a asalinsa akwai birki.

Watannin farko da tasi suka yi ta zuwa, irin wadda ake kira ta waya. Ba direban da ya tsira. Wannan bai iya riƙe hannu ba, wancan yana taka birki kamar mai kashe kunama, wani kuma an tambaye shi wanda ya sayar masa da lasisi. Wata rana wani saurayi da haƙurinsa ya ƙare ya sauke su ƙarƙashin gada da rana tsaka, ya ce ba sai sun biya ba. Azumi ta tsaya a inuwar gadar, abaya ta manne mata a baya, tana kallon mijinta yana bayyana wa iska kuskuren yaron. A nan ta yanke shawara. Ta haura sittin, gwiwarta ɗaya tana ƙara idan ta durƙusa, amma ta lissafa duk sakarkarun da ta sani masu tuƙi a garin nan, ta ga ba abin da suka fi ta.

Malamarta a makarantar tuƙi wata yarinya ce Dalal, wadda ba ta kai Mazen shekaru ba, mai yawan cewa "a hankali, ya hala", wato inna da Larabci. Azumi ta gane totur tun ranar farko, birki ne suka daɗe ba su fahimci juna ba. Ham kuwa ta ɗauke shi ɗan'uwan bandiri, tana buga shi da kari. Ta faɗi jarrabawa, ta koma, ta sake faɗuwa, ta ce mai jarrabawar ƙanwar wata amarya ce da aurenta bai yi ƙarko ba. A karo na gaba ta ci. Ta gaya wa Ɗayyabu tun ranar da ta yi rajista, ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Bayan kwana biyu ya tambaye ta ina take zuwa da safe, ta sake gaya masa, ya sake yin faɗan daga farko, kalma ba ta canza ba. Da ta ga kullum sabon kallo ake yi mata na tsohon wasa, sai ta koma cewa gidan kitso take zuwa.

Ranar ƙarin ruwa ta zo, ta fito da makulli a hannu. Ya dubi makullin, ya dube ta, ya dubi sama. Bai shiga gaba ba. Ya buɗe baya ya zauna ya harɗe hannu kamar mai kamfani, ya ce shi fasinja ne, fasinja kuma ba ya magana. Kafin su kai danja ta farko kansa ya riga ya shigo tsakanin kujerun gaba.

Hanyar da yake ba ta kuwa ta tsohuwar Jidda ce. Ta bi ta gaban gidan burodin Bayamane, ta karya dama a shagon mai gyaran rediyo. Unguwar da yake nufi tana cikin waɗanda aka rushe shekarun baya, fili ne yanzu fetal, sai kyanwoyi. Azumi ta koyi cewa "to, Abu Mazen" tana bin abin da matar cikin waya mai nuna hanya ta faɗa. Shi kuma ya ƙulla gaba da matar cikin wayar, yana cewa bai taɓa jin baƙuwa mai baki irin nata ba, ba ta san kowa a garin ba amma ta san ko'ina.

A ɗakin ƙarin ruwa akwai wata nas, Maimuna, Bakanuwa da ta zo aikin kwantaragi. Ita take neman jijiya, kuma ita kaɗai Ɗayyabu yake miƙa wa hannu ba gardama. Maimuna takan ce Hausar Azumi irin ta kakarta ce, wadda aka daina yi tun kafin zuwan lantarki. Azumi ta ce gara tata, tsohuwa ce amma cikakkiya, ta su Maimuna kuwa an yi mata ƙarin ruwa da Turanci har ta kumbura. Ɗayyabu yakan kishingiɗa, ruwa yana ɗiga, yana ba maƙwabcin kujerarsa labarin dutsen Ɗa'ifa. Maƙwabcin ma ciwonsu ɗaya, don haka kullum labarin sabo ne ga mai bayarwa da mai saurare, Azumi ta ce ba ta taɓa ganin abota mai albarka irin wannan ba. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ce kawai yake tsoro, wadda ake tura mutum ciki a kwance. Ya ce kabari ce. Ta ce ya shiga ya saba, wannan aƙalla da sanyi, kuma ana fitowa.

Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne yadda take kallonsa kwana biyun da ke bin kowane ƙarin ruwa, tana auna tafiyarsa, tana tambayarsa ciwon kai ta hanyoyi daban-daban don kada ya gane. Ta daina karɓar biki, don biki ba ya tashi da wuri, shi kuma ba a barinsa da tukunyar gas. Idan abin ya cika mata ciki, takan bar shi a hannun Maimuna ta sauka wurin ajiye motoci, ta kunna sanyi, ta yi kukanta, ta ci mutabbaƙ, soyayyen ƙullin fulawa mai nama a ciki, ta goge baki da ido da hankici ɗaya ta koma.

A irin wannan fitar ce ta ja baya don ta je sayen mutabbaƙin, ginshiƙin siminti ya tare ta. Ƙarar ba ta da yawa, amma bayan motar ya lotsa kamar an naushi ƙullu. Da suka fito, idon Ɗayyabu bai sauka ko'ina ba sai a wurin. Ya sunkuya ya shafa, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Bakin Azumi, wanda ya saba riga hankalinta fita, ya ce ai shi ne ya yi, kwanakin baya, ya manta ne.

Ta zaci zai yi musu. Bai yi ba. Ya shiga baya ya zauna. Har suka iso gida bai ce ta karya dama ba, bai tanka wa matar cikin waya ba. Ta zuba masa shinkafa da kifi, ya juya cokali ya ajiye. Bayan la'asar ta same shi zaune a bakin gado, hularsa a hannu.

"Ummu Mazen," ya ce, "ki gaya mini gaskiya. Da na buga, akwai mutum a wurin? Na taɓa ɗan wani?"

Azumi ta yi shekaru tana yi wa manyan mata ba'a a gaban surukansu ba ta taɓa jin kunya ba. Ranar ta ji. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, gwiwar tana ƙara.

"Ba kai ba ne, Abu Mazen. Ni ce, yau da safe. Ginshiƙi na buga. Ƙarya na yi maka."

Ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya tambaya, a hankali, ko ginshiƙin tafiya yake yi. Ta ce a tsaye yake. Ya tambaya ko ƙarami ne da ba a gani. Ta ce ya fi ta kauri, kuma an shafa masa fenti rawaya. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta rabu da ji tun kafin kasuwar kifi, har da tari, har sai da ta ba shi ruwa. Ya ci shinkafar da sanyinta. Da magariba ya tafi masallaci da saurinsa, kafin isha duk layin sun san matar Ɗayyabu ta yi karo da asibiti.

Bayan kwana biyu suka fito za su gidan 'yar'uwarta a unguwar Kurayyat, ya ga lotsawar, ya tambayi wanda ya yi. Ta ja numfashi ta ce ita ce. Ya tambaya ko ginshiƙin tafiya yake yi. Haka abin ya zama. Wani lokaci yana tuna rabin labarin, wani lokaci babu ko kaɗan, amma daɗin bai taɓa raguwa ba. Azumi kuwa mai fage ce, ba ta iya maimaita waƙa ba ƙari. Ginshiƙin ya yi ta girma. Aka sami mai gadi da ya tsere, daga baya aka sami wani likita da ya leƙo ta taga ya riƙe kai.

Da Mazen ya zo hutu, ya ga bayan motar. Ya ɗauke ta da sassafe ya kai gareji a Mahjar, ya dawo da ita sumul tana ƙyalli, yana jiran a sa masa albarka. Uwar ta sa masa, amma a gajarce, irin wadda ake sa wa wanda ya kawo gishiri a maimakon sukari. Washegari Ɗayyabu ya zagaya motar, ya tsaya a baya yana dubawa kamar wanda ya shigo ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Ya shiga baya ya zauna.

Ba a rufa mako ba Azumi ta ja baya ta daki ƙarfen ƙofar gidansu, a gefe guda da na farko. Ta rantse wa Mazen a waya cewa ba da gangan ba ne, kuma matan layin sun rabu biyu a kan maganar, don duk wadda ta taɓa shiga motar Azumi ta san ba ta buƙatar niyya kafin ta daki abu.

Har yanzu suna zuwa ƙarin ruwan. An taɓa dakatar da shi na ɗan lokaci da hoto ya nuna ɗan kumburi, aka jira ya sauka aka ci gaba. Likita ya ce a ganinsa ciwon yana tafiya a hankali. Azumi ta ce ita ba ta da wani Ɗayyabun da ba a yi wa ƙarin ruwa ba balle ta gwada, don haka ta karɓi maganarsa. Sunayen jikoki sun fara kuɓuce masa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ya tambaye ta ko mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da rasuwa, ta kira. Ta ce layin can ba ya da kyau. Da safiyar Talata ta fito da makulli, ta tarar ya riga ta shiga, a kujerar gaba, ya ɗaura bel har ya matse. Ya ce ba don komai ya dawo gaba ba, a motar nan baya ya fi haɗari.