Ranar da Mak Long Ta Jira Magariba

Ni na ja wa Hairul, ni kuma na ja wa kaina. A ƙauyenmu na gefen Merlimau, in azumi ya kama, kwano ba ya komawa gidan mai shi wayam, ko ɗan yaye ya san wannan. Mak Long Kamsiah ta aiko mana da man shanunta mai barkono a kwanon tangaran, matata Rohaya kuwa ta tafi Muar jinyar uwarta, ta bar ni da tukwane, suna kallona ina kallonsu. Dabara ta faɗo mini. Tun farkon azumi nake sayen wata kwalbar man shanu mai barkono a rumfar Hairul, ɗan ƙanin Mak Long, da sunanta a jiki da hotonta tana murmushi. Murmushin nan kaɗai ya isa ya sa mai hankali shakka, amma ni ban yi ba. Na gasa burodi, na lafta masa na kwalbar, na ɗora a farantinmu, na haɗa da kwanonta na aika mata da saƙon cewa ga ɗanta ya dawo gida. Ni a dole na yi barkwanci.

Bayan an sha ruwa ta gatsa sau ɗaya, ta tofar a tafin hannunta ta duba. Botar gwangwani ce, da farin sukari mai ƙas-ƙas a haƙori, da garin barkonon leda. Sai a lokacin ta gane abin da ya sa wata mata ta tare ta bayan tarawihi, ta tambaye ta cikin tausayi ko tsufa ne ya fara taɓa hannun.

Mak Long ce babba a ɗakinsu, shi ya sa kowa ke kiranta haka, wato babbar goggo a yarenmu, har liman. Ubanta mai hawan kwakwa ne, yana tatsar ruwan furenta ya dafa mazarƙwaila a ƙulle cikin gora. Tana budurwa aka kai ta aikatau gidan Baturen da ke kula da gonar roba, can ta fara ganin man shanu a kan burodi. Ta ɗanɗana ta ce abu ne mai kyau amma ba shi da zuciya. Da ta dawo gida ta yi aure, sai ta sa masa zuciyar. Takan daka ƙananan barkono a turmin dutse da ɗan gishiri, ta kankare mazarƙwailar kwakwa da wuƙa har ta koma kamar gari, ta matsa lemun tsami kaɗan, sannan ta buga da man shanu da cokalin itace tun da asuba, kafin zafi ya narkar da shi. Ba ta kai shi kusa da wuta. Wanda ya ci, zaƙi ne zai fara yi masa sallama, sai ya saki jiki yajin ya biyo baya ya kama shi a maƙogwaro. Marigayi mijinta yakan ce matar da man duk halinsu ɗaya, sai dai ita da yajin take farawa.

Kuma ba ta taɓa sayarwa ba. Na kyauta ne: gidan biki, gidan rasuwa, gidan mai jego, da kwanon azumi. Ba ta haihu ba, ba ta da gona, gidan ma na katako ne da ke yoyo ta kusurwa biyu. Abin da ta tara a duniya shi ne in an buɗe kwano a ce wannan hannun Mak Long ne. Sunan nan ne Hairul, yaron da ta goya bayan rasuwar ƙaninta, ya liƙa a kwalba, da hoton da aka ɗauke ta ranar aurensa.

A daren ta so ta tafi gidansa, gwiwa ta hana. Da gari ya waye kuma azumi ya ɗaure mata baki. Mak Long mace ce mai faɗa, ta yi da mai kifi, ta yi da mai gyaran fanfo, ta yi da agwagin maƙwabta, amma ba ta yarda ta yini da yunwa sannan ta zubar da ladan a kan ɗan banza ba. Saboda haka bayan la'asar ta ɗaura gyalenta, ta sa na kai ta kasuwar azumi a babur, ta ja kujera ta zauna a gaban rumfar Hairul.

Hairul ya fito ya sumbaci hannunta, ta bar masa hannun kamar na gawa. Ya tambayi gwiwa, shiru. Ya ce da ma yana shirin zuwa ya yi mata bayani, shiru. Masu saye suna zuwa, su dubi hoton, su dubi mai hoton, su ajiye kwalba su wuce rumfar soyayyar ayaba. A zaune take tana lissafa abin da ya fi ƙona mata rai. Ba satar ba ce kawai. Yaron ya zaɓi kasuwar da babu mai iya ɗanɗanawa kafin ya saya, kowa bakinsa a rufe, sai an je gida an sha ruwa a zagi tsohuwa. Wayon nan a gidanta ya ci tuwon da ya yi shi.

Masu rumfuna suka daina kiran ciniki. Kowa yana duban rana, ba don yunwa ba.

Ladan ya ɗaga murya. Mak Long ta ce bismilla, ta ci dabino, ta kurɓi ruwa, ta yi addu'arta ba gaggawa. Sannan ta buɗe kwalba ɗaya, ta soka cokali, ta tura masa.

“Sha ruwa da shi.”

“Mak Long, don Allah, mutane na kallo.”

“Ai mutanen ka ba su suka ci. Ci. Ko kai ma ka san ba na ci ba ne?”

Ya kai cokali ɗaya baki, fuskarsa ta yamutse. Ta ce ya ƙara. Daga nan ta kwance buhun da ta ɗaure tun asuba. Ta tuna masa ƙyandar da ta yi jinya, da zanen da ta sayar ta kai shi makaranta, da asubahin da yake zaune a gefen turmi yana lasar cokali. Ta ce da ya zo ya roƙa da ta koya masa, ya sa nasa sunan, in ya ɓata ya ɓata nasa. Hairul ya ce man shanu tsada gare shi, kuma narkewa yake a rumfa.

“To ka sayar da takalmi mana, shi ba ya narkewa. Sunana ne ka ga ba ya narkewa?”

A nan ta tsaya, sallar ma a makare ta yi, har ya ɓare hotonta daga kwalba ta ƙarshe. Ta tattara takardun ta cusa a jakarta. Kwanakin da suka rage kuwa kullum da asuba ana jin turminta, ta bi gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya da kwano, har gidan matar nan ta tarawihi, don kowa ya tuna yadda hannun yake. Hairul ya zo gaisuwar salla ya durƙusa yana hawaye, ta yafe masa don ranar yafiya ce, amma burodinsa gaya ta ba shi.

Ni dai na ga kwano ya shiga ko'ina ban da gidana. Na je na same ta a kan matakalar gidanta, na ce Mak Long, in ba don ni ba ai da har yau hotonki na can yana wa jama'a murmushi, ko tukwici ba a ba ni? Ta shiga ciki, ta fito da farantin da na aika mata burodi a kai, an wanke shi tas, ba komai a ciki. Ta dangwara mini a hannu.

“Shi ɓarawon ai ya san ba nawa ba ne. Kai fa, Sudin? Tun kana da gashi a ka kake cin man nan, aka ba ka botar gwangwani ka lashe kwalba ka ce ni ce. Je ka shafa wa burodinka surutu.”